Maki Nawa Ke Tsare Ƙungiya Daga Gasar 'Yan Dagaji?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci daga nan Jos. Sharhinmu na yau zai duba kakar da ƙungiya ke faɗuwa daga babbar gasa, da yadda abin yake a idon mai goyon bayanta, wanda ke yankar tikiti da kuɗin aljihunsa ya zauna a sanyin Jos yana kallo.

Duk wanda ya taɓa zama a fili a makon ƙarshe na irin wannan kaka ya san yanayin. Ana buga ƙwallo a gaban mutum amma rabin hankalinsa yana wani gari. Ga dattijo ya kara ƙaramar rediyo a kunne, ga matashi yana ta dannar waya yana neman sakamakon wasan da ake yi a Aba ko Gombe, kuma da zarar wani ya ce an ci a can sai labari ya bi layin kujeru kamar wutar daji, wani lokacin ma labarin ba gaskiya ba ne. Ƙungiyarka ta ci wasanta, amma babu mai tashi, kowa na jiran a hura tashi a wani filin. Idan aka kai wannan matsayi, makomar ƙungiya ta riga ta fita daga hannunta, kuma an yi watanni da fitar.

A gasar Firimiyar Najeriya ƙungiyoyi 20 ne, kowace na buga wasa 38, 19 a gida 19 a waje, kuma huɗu na ƙasan teburi ne ke faɗawa gasar NNL, wato gasar 'yan dagaji da ke ƙasa da ita. Nasara maki uku, canjaras maki ɗaya. A gidajen kallon ƙwallo na Bauchi Road da Anguwar Rogo za ka ji ana cewa wai duk ƙungiyar da ta haɗa maki 40 ta tsira. Wannan lissafin Ingila ne, inda uku kawai ke faɗuwa, kuma ko a can bai zama doka ba, domin West Ham ta faɗi a 2003 da maki 42. A nan gida maki 40 ba ya tsare kowa. Dalilin shi ne kusan kowace ƙungiya tana cin mafi yawan wasanninta na gida, saboda haka teburi yakan cunkushe, tazarar da ke tsakanin ta goma da ta goma sha bakwai ba ta wuce ta wasa biyu ko uku ba. Mai goyon bayan da ke son kwanciyar hankali ya sa maki 50 a ransa.

To ta ina maki 50 zai fito? Ɗauki ƙungiyar da ta ci wasa 14 a gida, ta yi canjaras uku, aka doke ta sau biyu. Maki 45 ke nan, saura biyar, kuma canjaras biyar a waje ya wadatar. Yanzu a canza abu kaɗan: uku daga cikin nasarorin nan su koma canjaras. Ta ci 11, canjaras shida, rashin nasara biyu, maki ya dawo 39. Ba a ƙara doke ta ko sau ɗaya ba, amma maki shida sun tafi, kuma yanzu sai ta samo 11 a waje, misali nasara biyu da canjaras biyar, a gasar da ƙungiya kan yi kaka guda ba ta ci wasan waje ko ɗaya ba. Shi ya sa masu dogon zama a fili ba sa tafi idan aka tashi babu ci a gida. Matashi zai ce ai ba a doke mu ba. Dattijon da ke gefensa ya san an ɗebe maki biyu daga rumbu, kuma babu tabbacin za a mayar da su.

Akwai kuma rarar ƙwallaye, wadda ake komawa gare ta idan maki ya zo ɗaya. Ƙungiya ta je waje an ci ta ɗaya, saura minti ashirin, sai ta kwashe masu tsaron baya ta tafi neman ramawa, aka ƙara mata biyu. Ranar ba wanda ya damu, tunda ko ɗaya ko uku duk maki ba ya zuwa. Sai a mako na 38 ƙwallayen nan biyu su dawo su tsaya tsakaninta da ƙungiyar da suke kunnen doki a maki.

Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne ƙarshen zagayen farko. Idan an buga 19 ƙungiya tana da maki 20, tana buƙatar 30 a sauran 19, wato nasara goma, wato ta cinye duk wasannin gida da suka rage ba tare da tuntuɓe ba. A nan ne ya kamata hankalin magoya baya ya tashi, lokacin da kasuwar 'yan wasa ta tsakiyar kaka ke buɗe. Surutun da ake yi a mako na 34 ihu ne bayan hari.

Abin da ke janyo zubar da maki a gida kuwa, yawancinsa ba a cikin fili yake farawa ba. Mafi yawan ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne, kuɗinsu na fitowa daga baitulmali, kuma idan takarda ta makale a ofis sai albashi da alawus na wasa su makale. Ɗan wasan da ke bin bashin wata uku, mai gidan haya na masa sallama kullum, ba zai sa ƙafarsa inda za a karya ta ba, domin ya san idan ya ji rauni shi zai yi jinyar kansa. Ba za ka ga haka a minti goma na farko ba. A minti na 70 ake gani, lokacin da ɗan tsakiya ya daina bin wanda ya wuce shi, mai tsaron baya ya tsaya yana ɗaga hannu yana neman satar gida maimakon ya bi ƙwallo. Sannan ga tafiya. Motar ƙungiya ta tashi daga Jos ta bi Akwanga, Lafiya, Makurɗi, Inugu, har Fatakwal ko Uyo, yini guda cur a zaune, a buga wasa ranar Lahadi, a juyo, ranar Laraba kuma ga wasan gida. Ƙungiyar da ke da 'yan wasa goma sha uku kawai da koci ya yarda da su ba za ta jure wannan ba. Cinya za ta fara tsinkewa, katin gargaɗi ya taru a dakatar da mutum, sai ka ga an mayar da ɗan tsakiya yana tsaron baya.

Daga nan sai shugabanni su firgita. A ba koci wa'adin wasa uku, ya kasa, a kawo wani. Sabon ya zo da yaransa shida ko bakwai a tsakiyar kaka, waɗanda ba su taɓa atisaye da sauran ba, tsofaffin kuma su ji an wulaƙanta su. Sauya koci yakan yi amfani idan an yi shi sau ɗaya, da wuri, kuma aka biya bashin 'yan wasa a lokaci guda. Idan aka sauya koci aka bar bashi, an canza direba ne motar kuma babu mai. Kuma a irin wannan kasuwa abin da ƙungiyar da ke ƙasa ta fi buƙata bai wuce mutum uku ba: gola mai kama ƙwallon sama, mai tsaron baya da ke iya tsara 'yan'uwansa a lokacin bugun kwana, da ɗan gaba ɗaya da zai iya cin bakwai ko takwas a zagaye na biyu.

Duk waɗannan ba a hannun mai goyon baya suke ba. Amma akwai guda ɗaya da ke hannunsa, kuma shi ne ya fi saurin kashe ƙungiya: filin gida. Mun ga cewa kusan kashi tara cikin goma na makin tsira a gida ake samunsa. Dokar gasar kuwa ta ɗora wa mai masaukin baƙi alhakin tsaron alƙalan wasa da baƙi. Jifa da robar ruwa, tsallake shinge a shiga fili, tare alƙalin wasa a hanyar ɗakin sauya kaya, fasa gilashin motar baƙi, kowanne yana da hukunci: tarar kuɗi, rufe fili a buga babu 'yan kallo, mayar da wasannin gida wani gari, ko a zaftare maki uku.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A 2016, bayan hatsaniyar 'yan kallo a wasan Giwa FC da Enugu Rangers a filin Rwang Pam, an ɗauke wasannin gida na Giwa daga Jos. Taƙaddama ta yi tsawo, ƙungiyar ta ƙi halartar wasa uku, aka kore ta daga gasar gaba ɗaya tun kaka ba ta ƙare ba. Garin nan ya rasa kujera guda a babbar gasa. A 2022 kuma Kano Pillars, wadda ta ɗauki kofin gasar a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta gamu da irin wannan. An farfasa motar Katsina United a filin Sani Abacha, aka cire wa Pillars maki uku aka mayar da wasanninta Abuja, daga baya aka sake cire wasu uku saboda cin zarafin mataimakin alƙalin wasa. Maki shida, ladan wasa biyu da 'yan wasa suka yi gumi a kai. A ƙarshen kakar Sai Masu Gida ta faɗi tare da Katsina United da Heartland da MFM. Babu ƙungiyar da ta fi Pillars cika fili a ƙasar nan, kuma abin takaici ne a ce wasu tsiraru daga cikin wannan taron ne suka taimaka wajen tura ta ƙasa.

Ba muna cewa alƙalan wasa ba sa kuskure ba. Suna yi, wani kuskuren ma yana da ciwo, musamman fenaritin da aka hana a minti na 88. Amma hanyar ƙorafi tana nan: ƙungiya ta rubuta takarda, ta haɗa da bidiyon wasan, kuma an sha dakatar da alƙalan wasa ta wannan hanya. Wanda ya tsallake shinge bai dawo da fenaritin ba, ya dai ƙara wa ƙungiyarsa hasarar wasannin gida uku ko huɗu. Wasan gida a wani gari kuwa sunansa kawai na gida. Ga kuɗin mota da otal, ga rashin kuɗin ƙofa, ga fili babu mai kiran sunanka. Shugabannin ƙungiyoyin magoya baya sun san masu tayar da fitina a kowane ɓangare na fili, sun san su da suna da unguwa. Aikinsu ne su zaunar da dattawa a layin gaba kusa da shinge, su sa mutanensu a ƙofar da baƙi ke fita, su kuma yi magana da matasa tun kafin a take wasa.

Haka ma ihun da ake yi wa ɗan wasan gida. Yaro ɗan shekara ashirin ya ɓarar da ƙwallo, fili ya ɗauki zaginsa, daga nan ba zai ƙara neman a ba shi ba, zai riƙa laɓewa bayan abokin hamayya. Ƙungiyar da ke ƙasan teburi tana da tsoro isasshe a jikinta tun daga ɗaki. Ganga da kakaki sun fi amfani a minti goma sha biyar na farkon zagaye na biyu idan har ba a ci ba, domin a nan ne ƙafa ke yin nauyi.

Kada kuma wani ya ce girman suna zai hana. Akwa United ta ɗauki kofi a 2021 ta faɗi a 2025. Leicester ta ɗauka a Ingila a 2016 ta faɗi a 2023. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ke biyo bayan faɗuwa mutanen Jos sun fi kowa saninsa. Manyan 'yan wasa su ne ke fara tafiya, tun kafin a fara sabuwar kaka, sau da yawa ba tare da ƙungiya ta samu ko sisi ba saboda kwantiraginsu na shekara ɗaya ne. Kasafin da gwamnati ke bayarwa ya ragu. A NNL ana raba ƙungiyoyi rukuni-rukuni, na Arewa da na Kudu, filayen sun fi muni, kyamara ba ta cika zuwa ba, kuma ko ka yi na ɗaya a rukuninka galibi sai ka sake buga wasannin cike gurbi kafin ka hau. Ƙungiyar da ta riƙe kocinta da ginshiƙan 'yan wasanta biyar ko shida takan dawo da wuri, kamar yadda Pillars ta dawo a 2023 bayan kaka ɗaya. Wadda ta watse kuwa sai yadda hali ya yi. Plateau United ta yi shekaru a ƙasa kafin ta hau a ƙarshen kakar 2015, sannan ta ɗauki kofi a 2017 ƙarƙashin Kennedy Boboye. Mighty Jets, ƙungiyar su Sam Garba da Ismaila Mabo, wadda ta ci gasar ƙasa ta farko a 1972, ta yi shekaru masu yawa tana fafutukar komawa babbar gasa, har an haifi yara a Gangare da Dilimi sun girma sun fara zuwa fili ba su taɓa ganinta a can ba.