Tallafin kuɗi a hannun ƙaramin manomi: yaushe, nawa, ta wace hanya?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau ya shafi tallafin tsabar kuɗi da ƙungiyoyin agaji ke tura wa iyalan ƙananan manoma a karkara, galibi ta wayar hannu, ba tare da an gindaya musu sharaɗin abin da za su saya ba.

Da can, duk wanda ya kawo wannan shawara sai a ce masa talaka zai ƙarar da kuɗin a shaye-shaye, ya kuma jingine fartanya. An gwada, an auna. Masana biyu da ke Bankin Duniya a lokacin, David Evans da Anna Popova, sun tattara sakamakon bincike 19 daga Afirka da Asiya da Latin Amurka, suka tarar kuɗin da iyalai ke kashewa a giya da taba bai ƙaru ba, a jimlace ma raguwa ya yi. To wannan zargi ba shi da tushe. Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da kuɗin ke isowa, da yawansu, da kuma ko a dunƙule aka ba da su ko a gutsuttsure.

Mu fara da lokaci, domin talaucin manomi yana bin watannin shekara ne. Kuɗinsa da kaka yake shigowa, lokacin da kowa ya fito da amfaninsa kasuwa, farashi ya faɗi warwas. Ga mai bin bashi a ƙofa, ga kuɗin makaranta, ga na magani, dole ya sayar da araha. Bayan wata biyar ko shida rumbu ya yi ƙasa, sai ya koma ya sayi irin hatsin da ya sayar, da tsada. A yammacin Kenya masara kan ƙara kashi 25 zuwa 40 cikin ɗari tsakanin girbi da lokacin yunwa. Abin takaicin kuma, lokacin yunwar nan shi ne lokacin da gona ta fi bukatar mai ita. Masara na son noman fari cikin mako biyu zuwa uku da tsirowa, tana son taki na biyu idan ta kai gwiwa. A daidai waɗannan ranaku ne maigida ke barin gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani don a ɗora tukunya yau. Kafin ya dawo ciyawa ta shanye takin da ya zuba, amfani ya ragu, yunwar baɗi ta riga ta ta bana zuwa.

A yankin Chipata na ƙasar Zambiya an gwada toshe wannan kafa. A watan Janairu, farkon lokacin yunwarsu, an ba wasu iyalai ɗan rancen kuɗi, wasu kuma buhu uku na masara, su biya bayan girbi. Suka rage fita ƙwadago, suka tsaya a gonakinsu, amfani ya ƙaru. Har ladan 'yan ƙwadagon da suka ci gaba da fita ya ɗan tashi, tunda masu neman aikin sun ragu. Rance ne wannan, amma darasin ya hau kan kyauta daram. Kuɗin iri da taki da huɗa ya kamata su shiga hannu da 'yan makonni kafin ruwan shuka, kuɗin abinci kuma su sauka a watannin da rumbu ke ƙarewa. Abin da ke ɓata wannan tsari sananne ne: rajista, tantancewa, neman katin shaida, buɗe layin waya, duk suna cin watanni. Ƙungiyar da ta fara ƙidayar gidaje bayan ruwa ya sauka, kuɗinta zai iso an gama shuka, ya zama ihu bayan hari. Ana iya yin akasin haka. A watan Yulin 2020, Hukumar Abinci ta Duniya ta dogara da hasashen ambaliya a gaɓar kogin Jamuna na Bangaladash, ta tura taka 4,500 na kuɗin ƙasar, kimanin dala 53, ga gidaje fiye da 23,000 kafin ruwa ya kai maƙura. Mutane suka samu damar kwashe iyali da dabbobi, suka tanadi abinci.

Sai batun dunƙule ko gutsure. Ƙungiyar agaji ta GiveDirectly ta raba kuɗi a yankin Rarieda na yammacin Kenya tsakanin 2011 da 2013 ta hanyar M-Pesa, wato tsarin tura kuɗi ta wayar hannu. Wasu sun karɓa lokaci guda, wasu kashi tara, wata-wata. Masu karɓar wata-wata sun fi samun wadatar abinci, masu karɓar dunƙule kuma sun fi sayen abu mai ɗorewa, musamman rufin kwano. Wani zai ce rufin kwano ai ado ne. Ku dubi lissafin. Rufin ciyawa sai an sabunta shi duk shekara ɗaya ko biyu, da kuɗi da wahala, kuma idan ya fara yoyo, ɗigon ruwa a kan buhun masara ya isa ya sa ta yi fumfuna, abincin wata biyu ya tafi. Kwano kan yi shekara goma ko fiye, a tari ruwan sama da shi. Wanda ya sayi kwano ya yanke wani kashe kuɗi ne da ke bin sa kowace shekara.

Wani babban gwaji da aka yi daga baya a Kenya ya ƙara fito da wannan. An ba wasu kimanin dala 22 duk wata na shekara biyu, wasu dala 500 lokaci guda, wasu kuma aka yi musu alkawarin kuɗin wata-wata har shekara 12. Sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna masu dunƙulen sun fi masu shekara biyu buɗe sana'a. Su kuwa masu dogon alkawari, da yawa adashe suka shiga, suka mai da ɗan kuɗin wata ya zama dunƙule da kansu. Saniya ko injin niƙa ba a sayensu da ɓarɓashi, kuma ajiye kuɗi a gidan da ake da yunwa da 'yan uwa mabukata ba ƙaramin aiki ba ne. Jimlar aikin da mutane ke yi ba ta ragu ba, sun dai rage ƙwadago sun koma aikin kansu.

To maƙwabcin da bai samu ba fa? A gundumar Siaya ta Kenya, a wani gwaji da ya shafi ƙauyuka 653, an ba gidaje fiye da 10,500 a kusan rabin ƙauyukan kimanin dala 1,000 kowanne, daga 2014. Kashi uku aka biya: shilin 7,000 na gwaji don a tabbatar layin na aiki kuma mai shi ne ke karɓa, sannan shilin 40,000 sau biyu. Masu bincike sun gano kowace dala ɗaya ta haifar da hadahadar kusan dala biyu da rabi a yankin, farashin kaya kuwa da kyar ya motsa. Dalili shi ne mai injin niƙa da mai shago da magini da ma zaune suke rabin yini babu ciniki, da kuɗi suka zo sai aiki ya samu. Amma kada a ɗauka ko'ina haka ne. A wasu ƙauyukan Filifin masu nisa da kasuwa, inda yawancin gidaje suka samu tallafi, farashin ƙwai da ɗanyen kifi ya tashi, kuma tsumburewa ta ƙaru a tsakanin yaran gidajen da ba sa cikin shirin. Saboda haka kafin a tura ko sisi, wajibi ne a duba nisan kasuwa, da ko hanya na biyuwa da damina, da yawan 'yan kasuwar da ke kawo kaya. Inda aka yanke daga duniya, ko ake tsakiyar fari babu hatsi a kasuwa, abinci ya fi kuɗi amfani.

Akwai kuma matsalolin rabon kansa. A shirin GiveDirectly, da farko da rufin ciyawa ake gane talaka, sai ka ga an tsallake gwauruwa mai tsohon kwano da ta fi kowa bukata, gaba ta shiga tsakanin maƙwabta. Shi ya sa aka koma ba duk gidan da ke ƙauyen. A gundumar Homa Bay ta Kenya mutane da dama sun ƙi karɓa saboda jita-jitar cewa kuɗin tsafi ne, abin da ke nuna dole a zauna da jama'a a yi musu bayani tun kafin rajista. Idan aka tura wa ɗaruruwan mutane rana guda, tsabar kuɗin wakilin cirewa kan ƙare kafin azahar, tsofaffi su yi tafiyar banza, don haka a rarraba ranakun. Tsohuwar da ba ta karatu, idan ta ba wani lambar sirrinta, ta ba shi kuɗinta. Ɓarna daga cikin gida ma na faruwa: a 2023 GiveDirectly da kanta ta bayyana cewa an sace kimanin dala 900,000 a gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, inda wasu ma'aikata suka riƙe layukan wayar da aka yi wa mutane rajista da su. Maganin wannan shi ne mai rajista daban, mai tantancewa daban, mai bibiya bayan biya daban.

Kuɗi kuma ba sa sa ruwan sama ya sauka. A arewacin Ghana an ba wasu manoma kuɗi, wasu inshorar ƙarancin ruwa. Masu inshorar ne suka fi faɗaɗa gona da zuba taki, domin abin da ke riƙe hannun manomi sau da yawa tsoron asara ne. A Yuganda, matasan da aka ba jari a 2008 sun zarce takwarorinsu da ba a ba su ba a samun kuɗi bayan shekara huɗu, amma bayan shekara tara takwarorin sun kusa kamo su.

Binciken da ya fi taɓa zuciya a 2025 ya fito, daga ƙauyukan Siaya ɗin nan. A gidajen da kuɗin suka iso daf da haihuwa, mutuwar jarirai ta ragu da kashi 48 cikin ɗari. Mata masu tsohon ciki sun samu sararin ajiye aikin wahala, an samu kuɗin abin hawa, haihuwa a asibiti ta ƙaru. Amfanin ya fi yawa a gidajen da ke kusa da asibiti mai likita, kuma jariran da aka haifa bayan an daɗe da gama rabon ba su samu wannan kariya ba.