Makon Gidajen Abinci a New York: Arahar da Sai an Yi Lissafi

Assalamu alaikum jama'a. Akwai gidajen abinci a birnin New York da in ka leƙa farashin da ke manne a ƙofarsu, sai ka ƙara sauri. To, sau biyu a shekara irin waɗannan gidaje kan sassauta, su buɗe wa mai ƙaramin aljihu ƙofa. Shi ake kira Makon Gidajen Abinci.

Abin ya samo asali ne a 1992. A watan Yulin shekarar, jam'iyyar Democrat ta yi babban taronta a birnin, inda ta tsayar da Bill Clinton takarar shugaban ƙasa. Gari ya cika da wakilai da 'yan jarida. Sai Tim Zagat da Joe Baum, waɗanda suka yi suna a harkar abinci, suka kawo shawarar manyan gidaje su sayar da abincin rana a kan dala 19 da santi 92, daidai da lambar shekarar. Don baƙi aka shirya, amma 'yan gari suka yi masa caa, daga nan ya zauna. Yanzu ana yin sa a Janairu zuwa Fabrairu, sannan a Yuli zuwa Agusta. Sunan mako ne kawai, amma yakan ɗauki makonni, kuma ɗaruruwan gidajen abinci ke shiga.

Me ya sa waɗannan watanni? Banza ba ta kai zomo kasuwa. A Janairu sanyi ya kulle mutane a gida, hidimar Kirsimeti ta cinye kuɗinsu. A tsakiyar zafi kuma masu hali sun tafi hutu. Kujeru ba kowa, ga kuɗin haya, ga albashin ma'aikata. Gara a sayar da rangwame da a zauna ana kallon ƙofa.

Ga yadda yake. Farashi ƙayyadadde ne, a 'yan shekarun nan dala 30, ko 45, ko 60. Da rana galibi kala biyu ake kawowa, da dare uku: ɗan abin motsa baki, babban abinci, sai kayan zaƙi. Za ka zaɓa ne daga ɗan gajeren jeri da suka ware.

Yanzu ku ɗauko biro, don nan ne mutane ke shan mamaki. Wannan farashin ban da haraji, ban da tukuicin mai kawo abinci, ban da abin sha. Harajin sayayya a New York kashi 8.875 ne cikin ɗari. Tukuici kuwa a Amurka ba ganin dama ba ne, da shi ma'aikacin ke cika albashinsa, kuma an saba ba da kashi 18 zuwa 20. Saboda haka abincin dala 30 zai tashi kusan dala 39. Na dala 60 ya haura 77. In maigida ya fita da uwargida, an doshi 155 ke nan, ba a sha ko lemo ba.

Da kun zauna, mai kawo abinci zai zo da fara'a ya tambaya wane ruwa za a kawo. Ku ce na famfo. Kyauta ne, kuma 'yan birnin har alfahari suke yi da shi. Na kwalba sai an biya. Ku kuma duba ƙananan rubutun da ke gefen sunan abinci, domin naman sa mai kyau sau da yawa yana da ƙarin kuɗi a kansa.

A ganina, ribar tana wuri guda: abincin rana a gidan da ya fi ƙarfinka. Inda faranti ɗaya ke kaiwa dala 45 a ranakun da aka saba, ka ci kala biyu a 30, ka ci riba. Amma gidan da dama abincinsa dala 18 ne, ka biya 30 don an ɗora maka ɗan kek, kai aka ci. Kafin ka fita, buɗe shafinsu ka haɗa farashin yau da kullum ka gani. 'Yan'uwanmu da ke yankin Bronx na birnin ma za su ce malmalar tuwo da miya a gidan abincin 'yan Afirka ba ta kai haka ba, kuma za ka tashi a ƙoshe. Gaskiyarsu. Wannan fitar ta ganin wuri ce da ɗanɗana hannun manyan kuku, faranti faffaɗa, abinci ɗan tsakure a tsakiya.

Musulmi kuma ya buɗe baki ya yi tambaya. Girkin Faransa da na Italiya sukan sa giya a miya, naman alade kan ɓuya a cikin romo ko taliya. Kifi ko ganye sun fi kwanciyar hankali, su ma a tambaya.

Asabar ba ta cikin tsarin, Lahadi kuma sai gidan da ya ga dama. Ana kama tebur ta manhajoji irin OpenTable da Resy, kuma guraben manyan gidaje kan ƙare da wuri. In sun karɓi lambar katinka, kada ka ƙi zuwa ba tare da ka soke ba, domin wasu za su cire maka tara. Da ka zauna, ka ce takardar Makon Gidajen Abinci kake so, don ba kowane gida ne ke miƙo ta ba, sai an tambaya.