Daga Kumamoto Zuwa Sakkwato: Yadda Girgizar Ƙasa da Ambaliya Ke Tsayar da Ƙera Kyamara

Wannan lacca an gabatar da ita ne ga masu sana'ar ɗaukar hoto da masu gyaran waya a Sakkwato, aka rubuto ta daga muryar da aka naɗa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu da malamanmu da ke zaune a gaba, Allah ya ƙara girma. 'Yan'uwa masu hoto, masu gyara, da ɗalibai, sannunku da zuwa.

Duk wanda ya zo da kyamara ya dube ta. A goshinta an rubuta Nikon, ko Canon, ko Sony, sai mutum ya ɗauka gida guda ya ƙera ta. Ba haka abin yake ba. Gilashin gaba daga wata masana'anta ya fito, baturi daga wata, ɗan injin da ke juya gilashi daga wata, sensa mai kama haske daga wata. Mai sunan ya tattara ya haɗa. Abu ɗaya ya rasa, ko da bai kai ƙwayar gero ba, kyamara ba ta fita daga masana'anta.

Mu a nan mun san wannan darasi. A Satumbar 2010, da ruwa ya cinye gadar da ta haɗa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da cikin gari, ajujuwa na tsaye, malamai na nan, ɗalibai na nan, amma sai da kwalekwale ake ƙetarawa, harka ta tsaya. Kasuwar kayan lantarki ta duniya cike take da irin wannan gada, hanya guda wadda kowa ke bi ta kanta.

Mu ɗauki shekarar 2011. Ranar 11 ga Maris girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9 ta auka wa arewa maso gabashin Japan, igiyar teku ta biyo baya. Fiye da mutum 18,000 suka rasu ko suka ɓace, kuma wannan ita ce asarar gaske, tana gaba da duk wata maganar kaya da zan yi. Masana'antar Nikon ta Sendai, inda ake haɗa manyan kyamarorin ƙwararru irin D3S da D700, ta tsaya. Ta Canon a Utsunomiya, mai yin gilashin kyamara, ta samu ɓarna. Masana'antar Renesas ta Naka, mai yin 'yan ƙananan ƙwaƙwalwar lantarki na motoci, ba ta koma aiki ba sai watan Yuni, shi ma sai da kamfanonin motoci suka turo dubban ma'aikatansu suka taya gyara, don sun san in ba ta tashi ba su ma ba su tashi.

Ba a gama farfaɗowa ba sai ga ambaliyar Tailan a watan Oktoba. Tun bayan 1985, da kuɗin Japan ya yi tsada, kamfanoninta suka riƙa kai aiki can don neman sauƙi. Suka yi gini a Ayutaya da kewaye, a shimfiɗaɗɗen fili kusa da kogin Chao Phraya, fadamar da a da shinkafa ake nomawa. Fadama kuwa ruwa ya san hanyarta. Unguwannin masana'antu bakwai suka nutse. Masana'antar Nikon da ke unguwar masana'antu ta Rojana a Ayutaya, wadda a lokacin take haɗa kusan kashi 90 cikin ɗari na kyamarorin kamfanin masu canjin gilashi, ruwa ya kai wajen mita biyu a benenta na ƙasa. Ba ta soma aiki ba sai Janairun 2012. Sony ta ɗaga fitowar kyamararta NEX-7. Western Digital, mai yin faifan ajiya na kwamfuta, sai da aka sa masu nutso suka shiga cikin ruwan laka suna kwanto injuna. Kuɗin faifan ajiya ya kusa ninkawa a duniya cikin 'yan makonni, kuma ku masu bidiyon biki kun san a kansa kuke tara aikinku. Bankin Duniya ya ƙiyasta asarar da sama da dala biliyan 45.

To me ya sa ba a share laka a ci gaba washegari? A nan nake so mu ɗan daɗe.

Sensa ana yin ta ne a kan faifan silikon mai faɗin santimita 30, siriri, mai ƙyalli. Faifan yana bin matakai ɗaruruwa: a shafa, a haska, a wanke, a gasa, a sake. Daga shigarsa zuwa fitarsa wata biyu ne ko uku. Ɗakin aikin ya fi ɗakin tiyata tsabta nesa ba kusa ba. Ma'aikaci ya rufe jikinsa da farin kaya tun daga kai har ƙafa, ido kawai ake gani, don ƙwayar ƙura guda tana kashe sensa. Injunan da ke zana layuka a kan faifan an daidaita su da awon da ya fi gashin kai sirantaka sau dubbai. Yanzu ƙasa ta motsa. Bututun gasawa ya fashe da faifan da ke ciki, rufi ya tsage ƙura ta shigo, wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, kowane inji ya goce daga saitinsa. Ko an gama gyara yau, sensa ta farko sai bayan watanni.

Abin da ya faru ke nan da girgizar ƙasa ta auka wa yankin Kumamoto da ke kudancin Japan ranakun 14 da 16 ga Afrilun 2016. Sony na da masana'antar sensa a garin Kikuyo na wannan yanki, kuma wajen rabin cinikin sensar hoto a duniya a hannun Sony yake. Da ta tsaya, abokan gasarta ma suka shiga uku, don a wurinta suke saye. Nikon ta fito ta sanar cewa masu kawo mata kaya sun samu ɓarna kuma abin zai taɓa aikinta, Olympus ma ta ji a jikinta. Ka ƙi Sony ka sayi wani suna, ka buɗe ciki ka tarar da sensar Sony.

Wani zai ce su tara kaya a sito mana. Kamfanonin sun daɗe da barin wannan. Tsarin da Toyota ta shahara da shi, kaya su iso daidai lokacin da za a ɗaura su, ya rage kashe kuɗi ƙwarai, amma ya bar masana'anta da guzurin 'yan kwanaki. A ganina an yi wa arha biyayya fiye da kima.

In kaya suka yi ƙaranci, wa ake fara ba? Mai babbar yarjejeniya, mai sayen miliyoyi. Mu namu sai ya bi ta Dubai ko Sin, ya sauka Legas, ya ratsa Ikeja ko Alaba, wani lokaci ya biyo ta Kano, kafin ya iso nan. Mu ne ƙarshen layi, shi ya sa labari kan riga tsada isowa da makonni. Mai hoton da ke shirin canza kyamara kafin bukukuwan bayan salla, in ya ji an yi girgiza a kudancin Japan ko Taiwan, ya san abin ya shafe shi, kada ya yi ta jinkiri. Ku kuma masu gyara, matacciyar kyamara kada ku zubar. Allonta, maɓallanta, murfin baturinta, ranar ƙaranci su ne za su ceci aikin wani.

'Yan kasuwarmu, ina roƙonku da girmamawa. Ba kowane tashin farashi ba ne daga bala'i. Sau da yawa canjin dala ne. Wanda ya ɓoye kayan da ya saya da tsohon kuɗi yana cewa ruwa ya ci Tailan, ya ci amanar ɗan'uwansa, kuma malamanmu ga su nan, sun fi ni sanin hukuncin ɓoye kaya.

Kamfanonin sun gyara wasu abubuwa. An ƙarfafa gine-gine, an kewaye unguwannin masana'antun Ayutaya da katangar tare ruwa. Da aka yi babbar girgiza a Taiwan ranar 3 ga Afrilun 2024, TSMC, babbar mai ƙera ƙananan ƙwaƙwalwar lantarki a can, ta dawo da mafi yawan injunanta aiki kafin kwana ya cika. Sai dai cunkoson wuri guda bai ragu ba. Wannan aiki yana shan ruwa mai tsabta da yawa, har a farin 2021 sai da aka riƙa kai wa masana'antun Taiwan ruwa da tanka. Kumamoto kuwa Allah ya hore mata ruwan ƙarƙashin ƙasa, ga ƙwararrun ma'aikata. Saboda haka a Fabrairun 2024 TSMC ta buɗe sabuwar masana'antarta, da hannun jarin Sony a ciki, a wannan gari na Kikuyo, kusa da wadda girgiza ta tsayar a 2016.

Shugaban taro, a nan zan dakata, a ba masu tambaya dama.