Awa 20 a Mako: Inda Ɗaliban Digiri na Biyu Suke Tuntuɓe a Birtaniya

Assalamu alaikum, masu kallo. Da zarar watan Mayu ya kama, tambaya ɗaya ce take yawo a zaurukan WhatsApp na ɗalibanmu da ke karatun digiri na biyu a Birtaniya: an gama laccoci, an rubuta jarrabawa, saura kundin bincike kawai, shin yanzu mutum zai iya sakin jiki ya yi aiki iya ƙarfinsa? Amsoshin da ake bayarwa a ƙarƙashin wannan tambaya su ne suka sa muka shirya wannan bidiyo, domin masu ba da su da zuciya ɗaya suke bayarwa, amma da yawa daga cikinsu suna iya raba mutum da bizarsa.

Kafin mu isa can, bari mu bi matakan farko da sauri, tunda hotunan da ke wucewa a gabanku za su ɗauke mana rabin bayanin. Wannan filin jirgin Heathrow ne, a watan Satumba, lokacin da yawancin sababbin ɗalibai suke sauka. Tun daga ƙarshen 2024 aka daina amfani da katin izinin zama da ake riƙewa a hannu, izinin ya koma cikin asusun intanet na hukumar shige da fice, saboda haka aikin farko shi ne mutum ya tabbatar yana iya shiga asusun, kuma sunansa da lambar fasfonsa sun yi daidai. Daga nan sai rajista a jami'a, sai karɓar wasiƙar da banki zai nema kafin ya buɗe maka asusu, sai rajista da likitan unguwa, wanda bai kamata a jinkirta ba tunda an riga an biya kuɗin lafiya na fam 776 a kowace shekara tun wajen neman biza. Ɗalibi na cikakken lokaci ba ya biyan harajin ƙaramar hukuma, amma sai ya kai musu shaidar ɗalibta. Wannan titin da kuke gani cikin duhu kuwa, ƙarfe huɗu na yamma ne a watan Disamba. A lokacin, azahar da la'asar da magariba duk suna shiga cikin awa huɗu, kuma wanda bai nemi ɗakin salla na jami'arsa tun makon farko ba zai sha wahalar haɗa su da lokacin aji.

Duk waɗannan abubuwa ne da ake koyo cikin wata ɗaya, ko da an yi kuskure ana gyarawa. Wanda ba ya gyaruwa cikin sauƙi shi ne sharaɗin da ke kan allo yanzu.

Sharaɗin yana cewa ɗalibin da ke karatun digiri ko abin da ya fi shi yana da izinin yin aiki na awa 20 a mako a lokacin zangon karatu, kuma yana iya yin cikakken aiki a lokacin hutu. Jimla ce gajera, kowa ya haddace ta, sai dai kalmomi uku na cikinta, wato mako da zango da aiki, kowacce tana da ma'anar da doka ta ba ta, wadda ta saɓa da yadda muke amfani da ita a hira.

Mu fara da mako. A wurin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Birtaniya, mako kwana bakwai ne da ke farawa ranar Litinin ya ƙare ranar Lahadi, kuma kowane mako zaman kansa yake yi. Ku dubi wannan kalanda. Ɗalibi ya yi awa 12 a makon farko saboda yana da aikin aji, sai ya ce zai cike gibin a mako na biyu, ya yi awa 28. Idan aka haɗa aka raba biyu, awa 20 ne a kowane mako, kuma a lissafin kasuwa bai yi laifi ba. A lissafin biza kuwa ya keta sharaɗi da awa 8, domin awar da ba a yi ba a makon jiya ta wuce ke nan, ba a ajiye ta, ba a ranta ta. Haka nan idan mutum yana aiki a wuri biyu, a ce gidan kula da tsofaffi da kuma rumbun ajiyar kaya, haɗa awannin ake yi gaba ɗaya. Kowane mai aiki nasa kawai yake ƙirgawa, ba ruwansa da na ɗaya wurin, nauyin haɗa lissafin yana wuyan ɗalibi. Kuma a kula da aikin dare na ranar Lahadi, wanda 'yan'uwanmu suke yawan karɓa saboda ba ya cin karo da aji: wanda ya shiga ƙarfe goma na daren Lahadi ya fito ƙarfe shida na safiyar Litinin, awa 6 daga ciki sun faɗa sabon mako tun kafin ya kwanta barci.

Yanzu sai kalmar da ta kawo mu, wato zango. A nan ne nake roƙon ku ku saurara da kyau.

Mu da muka yi digirin farko a gida mun saba da cewa ranar da aka ajiye biro a jarrabawar ƙarshe, ranar hutu ya fara. Ɗaliban digirin farko a Birtaniya ma haka suke, daga Yuni zuwa Satumba suna da dogon hutu, shi ya sa za ka ga wanda kuke gida ɗaya da shi yana fita aiki kullum, kuma yana kan daidai. Amma digiri na biyu a can yawanci wata 12 ne cur, daga Satumba zuwa Satumba, kuma watanni ukun ƙarshe an ware su ne domin rubuta kundin bincike. Ba a shiga aji, malamai da yawa sun yi tafiya, harabar jami'a ta yi tsit kamar yadda kuke gani a wannan hoton, amma a takardun jami'o'i da yawa wannan lokaci zangon karatu ne cikakke, domin ana ɗaukar kana karatu na cikakken lokaci ko da a ɗakinka kake zaune. Saboda haka iyakar awa 20 tana nan daram a kanka har ranar da kwas ɗin ya ƙare a hukumance.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne babu kalanda ɗaya da ta haɗa ƙasar. Kowace jami'a ce take ayyana ranakun zangonta da na hutunta, wani lokaci ma kwas biyu a jami'a ɗaya suna bambanta, musamman tsakanin waɗanda suka fara a Satumba da waɗanda suka fara a Janairu. Don haka idan ɗan'uwanka da ke Manchesta ya ce maka shi an ba shi hutu yana cikakken aiki, mai yiwuwa gaskiyarsa ce, amma gaskiyar jami'arsa ce da kwas ɗinsa, ba ta zama hujja gare ka a Kobentiri ko Gilasgo ba. Masu digiri na uku kuma nasu ya fi tsauri, domin ba su da hutun zango irin na kowa. A jami'o'i da dama 'yan makonni ne ake ba su a shekara, sai an nema a rubuce, malamin da ke duba aikinsu ya amince.

A ganina, wannan shi ne wurin da ya kamata jami'o'in su ƙara ɗaga murya. Suna rubuta bayanin a shafukansu, ba a musu, amma wanda ya sauka da nauyin haya da kuɗin makaranta a kansa, kuma a makon farko aka jibga masa saƙonni masu yawa, ba lalle ne ya tuna da wannan layi ɗaya bayan wata takwas ba.

Kalma ta uku ita ce aiki. Bizar ɗalibi ta yarda a ɗauke ka aiki a biya ka albashi, amma ta hana ka zama mai aikin kanka ko mai gudanar da kasuwanci, ko da na awa ɗaya ne, ko da a lokacin hutu ne. Masu kai abinci a keke da kuke gani nan, na Deliveroo da Uber Eats, ana ɗaukar su ne a matsayin masu aikin kansu, saboda haka wannan ƙofa a rufe take ga ɗalibi. Ina so 'yan'uwa mata su ba ni aron kunnuwansu a nan, domin mu mutane ne da sana'ar hannu ta zame mana jiki. Wadda take yin kitso ko lalle a ɗakinta ana biyanta, da wadda take tuya masa ko dambun nama tana tallatawa a WhatsApp, da wanda ake aiko masa da huluna da turare daga Kano yana sayarwa, duk sun shiga abin da doka ta kira kasuwanci. Ban faɗi haka don na raina wannan nema ba, sana'o'i ne masu albarka da suka rufa wa gidaje da yawa asiri, sai dai bizar ɗalibi ba ta ba su gurbi ba. Wanda kuma ya ci gaba da yi wa ofishinsa na gida aiki ta intanet alhali yana zaune a Birtaniya, jami'o'i suna gargaɗin cewa awannin suna shiga cikin 20 ɗin. Har aikin da ba a biya ma yana shiga, idan akwai yarjejeniyar da ta ɗaure ka da zuwa a lokaci ayyananne.

Wani zai ce, to wa zai sani? Ku dubi takardar albashin nan. Wannan lambar da ke sama ita ce lambar inshorar ƙasa, kuma duk lokacin da aka biya ka, mai aikin yana aika bayanin biyan ga hukumar tara haraji, ita kuma Ma'aikatar Cikin Gida tana iya duba waɗannan bayanai. Sau da yawa ba a ranar ake jin komai ba, sai an je neman bizar da ake ba waɗanda suka kammala karatu, ko wata bizar aiki, sannan tsohon lissafi ya taso. Dokar shige da fice ta 2016 ta mayar da yin aikin da izininka bai yarda da shi ba laifi ne da ake iya yi wa tara ko ɗauri, ana kuma iya ƙwace abin da aka samu, ban da soke bizar kanta. Shi ma mai aikin, tun watan Fabrairun 2024 tarar da ake iya ɗora masa ta kai fam 45,000 a kan ma'aikaci ɗaya a karon farko, fam 60,000 idan ya maimaita. Wannan ne ya sa kamfanin kirki yake nacewa sai ka kawo masa ranakun zangonka daga jami'a, kuma wanda ya ce maka kar ka damu, zai biya ka ragowar a hannu, ba taimakonka yake yi ba, garin neman gira za a rasa ido.

Ba na zargin kowa da son zuciya, domin na san abin da yake tura mutane. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki farashin Naira, kuma fam ɗaya da bai kai Naira 600 ba a farashin gwamnati ya haura Naira 1,800 a farkon 2024. Iyalai da suka sayar da fili ko gona suka yi lissafin shekara guda sun wayi gari kuɗin bai kai na wata huɗu ba. Amma ga lissafin a kan allo, mu bi shi tare. Mafi ƙarancin albashi ga mai shekara 21 zuwa sama ya zama fam 12.21 a awa a watan Afrilun 2025. Awa 20 sun ba da fam 244 a mako, wato kusan fam 1,058 a wata. A farkon shekarar 2025, abin da gwamnatin Birtaniya ta ce ɗalibi ya nuna yana da shi domin ci da sha da haya shi ne fam 1,136 a wata a wajen Landan, fam 1,483 a cikinta. Ke nan wanda ya cika awanninsa kaf bai ma kai ga kuɗin zama ba, balle kuɗin makaranta, wanda a jami'o'i da yawa yake haura fam 15,000. Iyaye da ke kallon wannan bidiyo daga gida, don Allah duk wanda ya ce muku yaro zai biya wa kansa makaranta da aikin da zai yi a can, ku nuna masa waɗannan alƙaluma kafin a sayi tikitin jirgi.

Abin yi ga wanda ya riga ya isa ba shi da yawa. Ya rubuta wa ofishin kula da ɗaliban ƙasashen waje na jami'arsa, ya ambaci sunan kwas ɗinsa da watan da ya fara, ya nemi a ba shi ranakun zango da na hutu a rubuce, ya kuma tambaya ƙarara ko lokacin kundin bincike zango ne ko hutu. Ya ajiye amsar, ya ba mai aikinsa kwafi. Ya riƙe ɗan littafi ko jadawali a waya, Litinin zuwa Lahadi, yana rubuta kowace awa a ranar da ya yi ta. Idan kuɗin makaranta ne ya tsaya, ya je ofishin kuɗi tun kafin wa'adi ya cika ya nemi a rarraba masa biyan, domin jami'a tana da hurumin sauraron wanda ya zo da wuri.

Akwai kuma lokacin da ƙofar take buɗewa da gaske. Wanda kwas ɗinsa ya kai wata 12 ana ƙara masa wata huɗu a kan bizarsa bayan ranar kammalawa, kuma a cikin waɗannan watanni yana iya yin cikakken aiki, muddin ba gurbin dindindin ya cike ba, kuma har lokacin ba a yarda ya yi aikin kansa ba. Ranar da ake ƙirgawa daga gare ta ita ce wadda jami'a ta tabbatar a matsayin ƙarshen kwas, ga ta nan mun zagaye ta da jan layi a takardar CAS, wato shaidar samun gurbi da jami'a take bayarwa domin neman biza. Wanda ya miƙa kundinsa kafin wannan rana, ya sake tambayar ofishin a rubuce kafin ya karɓi ƙarin awa ko ɗaya.