An Ce Gurbi Ya Cika: Yadda Ake Samun Kujerar Yawon Gari Idan Jirgin Ruwa Ya Tsaya

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa.

Ka biya kuɗin tafiya a jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, ka zaɓi ɗaki, har ka fara haɗa kaya. Sai ka buɗe manhajar kamfanin don kama gurbi a yawon da ake kai fasinjoji cikin gari duk inda jirgi ya tsaya, ka tarar wanda ka fi ɗoki an rubuta ya cika. Dole gabanka ya faɗi, don wataƙila saboda wannan wuri kaɗai ka zaɓi tafiyar. To, kwantar da hankalinka. Kafin ka yi komai, tambayi kanka abu ɗaya: mene ne ya cika? Motar ce, ko wurin da za a je?

Ga dalilin tambayar. Yawanci ba kamfanin jirgin ke kai mutane yawon da kansa ba. Kamfanonin cikin garin ne ke da motoci da 'yan rakiya masu bayani, shi kuma jirgin ya karɓi wani adadi na kujeru a hannunsu ya sayar wa fasinjojinsa. Jirgi irin Icon of the Seas na Royal Caribbean, wanda ya fara aiki a Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600, alhali babbar bas ɗaya mutum 50 ne ko kusa da haka. Ka ga cikawa ba abin mamaki ba ne. Amma bas ana iya ƙara ta. Idan jirgi ya tsaya a Kushadasi ta Turkiyya, mutane suka yi yawa a jerin masu son ganin kangon birnin Afisa da ke kusan kilomita 20 daga tashar, ba wuya a kawo wata motar da wani ɗan rakiya.

Akwai kuwa waɗanda ba sa ƙaruwa ko me aka yi. Jirgi mai saukar ungulu da ke tashi daga Juneau a Alaska zuwa saman ƙanƙarar Mendenhall fasinja shida yake ɗauka, sai an yi lissafin nauyin kowa, kuma hazo na iya soke tashin gaba ɗaya. Fadar Alhambra da ke Granada a Sifaniya tikitinta ƙayyadajje ne, da sunanka da lokacin shigarka. Akropolis, tsohon wurin tarihi da ke birnin Atina ta Girka, tun 2023 aka ƙayyade ta ga mutum 20,000 a rana. Irin waɗannan, a ganina, ranar da ka biya kuɗin jirgi ranar ya kamata ka duba su, don da sanyin safiya ake kama fara. Idan kuma ka makara, kana jiran wani ya fasa ne kawai.

Mutane kuwa suna fasawa, kuma akwai lokutan da suka fi fasawa. Kamfanoni suna neman cikon kuɗin tafiya kwana 75 zuwa 120 kafin tashi, gwargwadon kamfani da tsawon tafiyar. Wanda bai cika kuɗin ba, ɗakinsa ya tafi, kujerun yawon da ya kama su dawo kasuwa. Duba takardarka ka ga ranar, ka riƙa leƙa manhaja safe da yamma a wannan makon. Sai kuma dab da isa tashar: kamfanoni da yawa suna mayar da kuɗi ga wanda ya soke kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, shi ya sa masu kama gurbi biyu don su zaɓa daga baya suke sakin ɗaya a lokacin. Idan akwai jerin masu jira, sa sunanka. Ka kuma kama wani yawon da bai cika ba a matsayin madadin, bayan ka karanta sharaɗin sokewarsa.

Ranar da ka hau jirgi, kafin ka tsaya kallon ɗaki, nemi teburin masu shirya yawon gari. Ma'aikatan nan suna magana kai tsaye da kamfanonin garin, suna ganin abin da manhaja ba ta nuna maka ba. Yi sallama, ba da lambar ɗakinka, faɗi yawon da kake so, sannan ka sauƙaƙa musu aiki. Ka ce ko na rana ne za ka karɓa. Idan ku huɗu ne, ka ce kun yarda a raba ku biyu-biyu, don kujera biyu ta fi huɗu saurin fitowa. Ka tambaya ko akwai wani yawon mai suna daban da ke bi ta wurin nan. Wannan tambayar mutane kan manta da ita, alhali sau da yawa wuri ɗaya yana cikin yawo uku ko huɗu, ɗaya da abincin rana, ɗaya da tsayawa a kasuwa. Kuma don Allah a yi magana da ladabi. Ma'aikaciyar da ke gabanka tun safe take sauraron ƙorafi, ba ita ta sayar da kujerarka ba.

Idan har safiyar ranar ba labari, kada ka koma barci. A manyan jirage, masu fita yawo kan taru a zauren wasan kwaikwayo, a manna wa kowa 'yar takarda mai lambar motarsa a riga, ana kiran lamba suna tashi rukuni-rukuni. Je da wuri, da katin ɗakinka a hannu, takalmi a ƙafa, ka gaya wa mai riƙe da jerin sunaye kana nan idan wani bai fito ba. Wani ya makara, wani jirin teku ya kwantar da shi. Ba kullum ake dacewa ba, amma wanda ke tsaye a wurin shi ake kira.

Saura hanyar da ta fi faɗi, wato ka nemi yawon a waje, ta shafukan intanet masu sayar da tikitin yawo irin Viator ko GetYourGuide, ko kai tsaye daga kamfanin garin. Sau da yawa ya fi araha, mutane kuma ba su da yawa a mota. Sai dai a nan nake so ka saurare ni da kyau. Idan yawon da jirgi ya sayar maka ya makara, jirgin zai jira, ko kamfanin ya ɗauki nauyin kai ka tasha ta gaba. Idan na waje ne, ba wanda zai jira ka. Za ka tsaya a bakin ruwa kana kallon jirgi yana nisa da kayanka a ciki, kuɗin jirgin sama da otal duk a aljihunka.

Don haka auna nisa. Jirgin da aka ce ya tsaya a Roma, a Cibitabekiya yake, kusan kilomita 80 daga birnin, tafiyar awa ɗaya ko fiye a jirgin ƙasa. A Santorini ta Girka jirgi ba ya matsowa gaɓa, ƙananan jirage ke jigilar mutane, kuma masu yawon kamfani ake fara saukewa. Wajen dawowa, kowa na rige-rigen motar igiya, wato wadda ke rataye a igiyar ƙarfe, da ke saukowa daga garin Fira na saman tsauni zuwa gaɓa, layin na iya cin awa guda idan jirage sun yi yawa. Wanda ya ƙi layi sai ya bi matakala kusan 600 da ƙafa. Ni dai wuri mai nisa irin wannan, idan ban samu na jirgi ba, gara in zaɓi abin da ke kusa da tashar.

Lokacin da ake son kowa ya dawo yakan riga tashin jirgi da minti 30 zuwa 60, kai kuma ka ƙara wa kanka awa ɗaya ko biyu a kan haka. Agogon jirgi ake bi. A wurare irin Kozumel ta Meziko yakan saɓa da na gari, wayarka kuma na gari za ta kama da kanta. Kafin ka biya na waje, tambaya ko suna mayar da kuɗi idan iska ta hana jirgi tsayawa a tashar. Sannan a takardar shirin ranar da ake ajiyewa a ɗaki, ko a manhaja, akwai suna da lambar wakilin jirgin a wannan tashar. Ɗauki hotonta a waya kafin ka sauka, ka sa fasfo ko kwafinsa a jaka, gwargwadon abin da jirgin ya ce a ɗauka a ranar.