Lacca Kan Giyar Keken Tsere: Sauya Ta da Kula da Ita

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu da ke zaune a gaba, barkanku da yamma. Ƙannena matasa, na ji daɗi da kuka zo da kekunanku, domin wannan bayani ya fi shiga idan mutum yana kallon sarƙar da idonsa.

Yawancinmu a nan Bauchi a kan Raleigh ko Phoenix na iyayenmu muka koyi hawa, keken da giyarsa ɗaya ce tak: idan ka iso hawa ka miƙe tsaye ka danna, idan ya fi ƙarfinka ka sauka ka tura. Da kekunan tsere na hannu suka fara shigo mana, sai muka hau su da waccan tsohuwar ɗabi'a. Sau da yawa nakan ga yaro a hanyar Dass ya bar sarƙa a giya mafi nauyi, yana lilo hagu da dama, jijiyoyin wuyansa sun miƙe, yana ganin ƙarfi yake nunawa, alhali gwiwarsa yake cuta, yana kuma cinye ƙarfen da ya saya da tsada. An ƙera giya ne domin ƙafarka ta riƙa juyawa da sauri ɗaya, ko hanya ta miƙe ko ta yi tudu.

Ku dubi wajen feda. Akwai farantai biyu masu haƙora, kuma a kekuna da yawa babban yana da haƙora 50, ƙaramin 34. A tayar baya kuma akwai jerin ƙananan farantai, galibi daga mai haƙora 11 zuwa mai 28. Tayar keken tsere tana cin mita biyu da ɗan ɗoriya a juyi ɗaya. Idan sarƙa tana kan 50 a gaba da 11 a baya, duk zagayen feda ɗaya taya za ta juya sau huɗu da rabi, wato kusan mita tara da rabi. Idan kuwa ta koma 34 da 28, mita biyu da rabi kawai za ka ci, amma ƙafarka za ta ji kamar an sauke mata kaya. Masu horar da 'yan tsere sukan so feda ta yi zagaye 80 zuwa 90 a minti ɗaya. Ka ƙirga naka wata rana da agogon wayarka; idan ka ga 50 ko 60 kake yi, giyarka ta yi maka nauyi.

Wannan sauƙi bai daɗe a duniya ba. Sai a 1937 aka yarda 'yan gasar Tour de France ta ƙasar Faransa su yi amfani da irin wannan na'urar sauya giya, mai tura sarƙa daga faranti zuwa faranti. Kafin nan mahayi kan sauka a gindin dutse, ya kwance tayar baya ya juya ta, domin ya samu faranti mai sauƙi. A 1990 kamfanin Shimano na Japan ya haɗa abin sauya giya da hannun burki, shi ya sa yau kuke sauyawa ba tare da kun saki kan keke ba.

Hannun dama shi ke kula da baya, kuma shi ne na aikin yau da kullum, haƙori kaɗan kaɗan. Hannun hagu na gaba ne, sauyinsa babba ne, ana ajiye shi don hawa mai tsawo ko gangara. Sarƙa ba ta sauya wuri sai feda tana juyawa, amma kuma ba ta son a sauya ta ana danna ta da ƙarfi. Saboda haka ka sassauta ƙafa na ɗan lokaci, kamar kana shafa fedar, ka latsa, ka ji ta zauna, sannan ka ci gaba. Ka sauya tun kana hango hawan, kada ka bari sai ya kama ka. Ni kaina a hanyar Jos na koyi wannan, bayan na wuce Nabordo. Na tsaya a kan feda da duk nauyina a tsakiyar tudu, na latsa, sai na ji ƙas, sarƙa ta tsinke ta zube a kwalta kamar mataccen maciji, gwiwata ta daki kan keken. Hanyar nan tana ɗaga mutum daga tsayin mita ɗari shida da wani abu zuwa sama da mita dubu ɗaya, ba ta yafe wa mai jinkirin sauyawa. Haka ma cikin gari, kafin ka tsaya a cunkoson Wunti ka rage giya, domin tashi ya zo maka da sauƙi.

Kada kuma ka haɗa babban faranti na gaba da babba na baya, ko ƙarami da ƙarami. Ka tsaya bayan keken ka duba, za ka ga sarƙar ta karkace, kuma za ka ji tana gurza.

Yanzu sai abin da ya fi damuna, wato baƙin mai. Na san yana da araha, na san da shi muka saba shafa wa tsofaffin kekuna, amma a lokacin hunturu, idan ƙura ta haɗu da shi, sai ya zama wani kwaɓi mai yashi da ke cin sarƙa da haƙora kamar samfefa. Ka sami tsumma da tsohon buroshin haƙori da ɗan kananzir, ka wanke sarƙar, ka bar ta ta bushe. Sannan ka ɗiga mai marar kauri, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka juya feda baya, ka goge na waje sarai. A cikin gaɓoɓi ake bukatar mai. Wanda ya rage a waje ƙura kawai yake kira.

Sarƙa tana tsufa ta ƙara tsawo. A sabuwa, tazarar ƙusa zuwa ƙusa rabin inci ce, don haka idan ka ɗora farkon rula a kan wata ƙusa ta gaɓar sarƙa, wata ƙusar za ta faɗa daidai kan inci 12. Idan ta zarce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, canza ta, tun ba ta cinye farantan baya ba, waɗanda sun fi ta tsada nesa ba kusa ba. Idan za ka saya, ka ƙirga farantan bayanka, domin sarƙar mai tara ba ta dace da mai goma sha ɗaya ba.

Idan giya ta fara gardama, tana ƙara kafin ta hau babban faranti na baya, yawanci wayarta ce ta saki. A inda wayar ta shiga ƙarfen da ke tura sarƙa akwai ɗan abin murzawa. Juya shi kamar kana kwance shi, rubu'in zagaye kawai, ka gwada, ka sake. Ƙananan sukurori biyu masu alamar H da L kuwa iyaka ce da ke hana sarƙa faɗawa waje ko cikin wayoyin taya, ina roƙonku kada ku taɓa su da sukuddireba sai a gaban mai gyaran da ya san irin wannan keke. Kuma duk lokacin da za ku kwantar da keke, a ƙasa ko a bayan mota, ku kwantar da shi ta hagu, domin ɗan ƙarfen da ke riƙe da giyar baya mai laushi ne, da ya lanƙwashe babu murzawar da za ta daidaita shi.

Ƙanena mai jan keke, matso da shi nan ka ɗaga tayar baya, mu saurari sarƙarka tare.