Zaren da Ke Shan Baba da Wanda Ba Ya Sha

Malam Sani: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Zariya. Yau ina tare da Hajiya Rabi da Malama Hadiza, kuma batunmu shi ne rinin zare da saƙa a matsayin ƙaramar sana'a. Hajiya, me zai sa mai saƙa ta ɗora wa kanta wahalar rini, alhali ga ulu kala-kala a kasuwar Sabon Gari?

Hajiya Rabi: Malam, ulun da kowa ke saya shi kowa ke saƙawa, saboda haka hular jaririn wannan ba ta da bambanci da ta waccan, sai a koma karya wa juna farashi. Wadda ta rina zarenta kuwa tana da launin da ba a samu a rumfar kowa. Sai dai yawancin ulun kasuwa na roba ne, ba ya shan baba, wato rinin shuɗi na gargajiya, da an wanke shi launin ya zube. Zaren auduga shi ne ke sha.

Malam Sani: To, yaya mai saye za ta bambance su?

Hajiya Rabi: Ta tsinki ɗan guntu ta kara masa ashana. Auduga tana ci da warin takarda, ta bar toka mai laushi, na roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri.

Malama Hadiza: Kuma ko audugar ce, Hajiya, dole a fara dafa ta da sabulu domin fitar da maiƙon jikinta, in ba haka ba rinin zai fito dabbare-dabbare. Sannan a naɗe zaren a ɗaure shi sako-sako, domin duk inda ɗauri ya matse, wurin zai zauna fari. Marina suna haɗa baba da toka da kanwa su bar su kwanaki har ruwan ya nuna, kamar yadda ake yi a karofin Ƙofar Mata ta Kano, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498. Idan aka ciro zaren kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska sannan ya juye shuɗi, kuma yawan tsomawa da shanyawa shi ke sa ya yi duhu, ba daɗewa a cikin ruwa ba.

Malam Sani: Amma matan da ke rini a gida yau galibi garin rini na kanti suke amfani da shi.

Malama Hadiza: Haka ne, ya fi sauri, amma sodar da ake haɗa shi da ita tana cin fata, don haka safar hannu ta roba wajibi ce, kuma a tsakar gida ake yi, nesa da yara da tukwanen girki.

Malam Sani: Hajiya, a ina aka fi yin asara?

Hajiya Rabi: A wurin lissafi. Mace za ta ƙirga kuɗin zare da rini, ta manta itace da ruwa da kwanakin da ta yi riƙe da kwarashi. Sannan rigar sanyi kasuwarta hunturu ce kawai, daga Disamba zuwa Fabrairu, alhali kayan jarirai ba sa yankewa tunda kullum ana suna. Idan kuma aka ba ki aikin riga, ki rina zaren da zai ishe ki a tukunya ɗaya, domin tukunya ta biyu ba za ta ba ki launin farko daidai ba, kuma mai kaya za ta ga bambancin a hannun rigar.